Innar da Ba Ta Karɓar "To"

Tun kafin a ɗaga labulen ɗaki Inna take goge gilashin wayoyin aiki da gefen mayafinta, ta naɗe igiyar abin saƙalawa a kunne, ta cusa a jaka. Sai ta ɗauki 'yar kujerarta da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da roba, ta fice. Shekara da shekaru haka take. A unguwa Tafinta ake ce mata, amma sunan ya yi wa aikin kaɗan. Masu ƙera manhajar waya take rakawa gidajen mutane. Sukan miƙa wa mutum waya, su ga inda yatsansa ke tafiya da inda yake cijewa, don su gyara abin kafin su sake shi. Su suna da na'ura, ita tana da harsuna da kunne.

Yanzu za ta ajiye aiki. Kunnenta na hagu ya yi nauyi, likita kuma ya ce na dama zai bi sahu a hankali. Duk wanda ya ji sai ya tausaya mata, ban da autarta, wadda haushi ya kama. A ranta ta ce gari ya cinye kunnen nan, gida ko ɗanɗano bai yi ba.

Ba a banza take wannan haushi ba. Lokacin da ta gama firamare ne ɓarin jikin Kaka ya shanye. Wata safiya Inna ta tsaya bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, ƙafa ɗaya a waje, ta ce, "Auta, za ki zauna da Kaka, ko?" Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "To." Inna ta sa mata albarka ta wuce. Auta ta yi jinyar Kaka har Allah ya karɓi abinsa, ƙawayen Auta suka yi nisa a karatu, babu wanda ya sake tayar da zancen. Auta kuwa irin mutanen nan ce da magana ke tsaya musu a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Labarin aikin Inna a bakin baƙi take jinsa. Wata tsohuwa mai ɗinki ta zo gaishe da Inna, tun daga zaure tana kiran "Ina ƙawar tawa?" Auta ta kawo mata ruwa ta koma bayan ƙofa. Tsohuwar ta ɗora labarin ranar da Inna ta je mata da Dogo, wani mai bincike da ya zo daga nesa, wanda duk ƙofar da ya shiga sai ta gaisa da goshinsa. Manhajar da ke tuna wa iyaye ranar kai yara asibiti suka kawo.

"Ya ce a tambaye ni ko abin ya yi," in ji tsohuwar. "Na ce to, madalla. Yo baƙo ya taso daga uwa duniya, ka ce masa kayansa ba su yi ba? Ina tarbiyya?"

Inna ta fassara masa amsar yadda take, ba ƙari ba ragi, sannan ta ce masa wannan gaisuwa ce, amsa tana tafe. Shi kuma Dogo ya lura cewa duk tambayar da aka yi, mijin tsohuwar ne ke cafewa. Sai ya ja shi waje wai ya nuna masa babur ɗinsa, aka bar matan su biyu.

"Sai ta ajiye wannan gurguwar kujera tata, ta zauna ƙasa da ni, ta ce, Yaya, ba ke muke gwadawa ba, wayar muke gwadawa, in ta ba ki wahala ita ce ta faɗi jarrabawa. Ta harɗe hannu a cinya ta yi gum. Ina ta lalube, ko nuni ba ta yi mini ba. Har na ce ko barci ya ɗauke ta."

"Yatsunki nake kallo," in ji Inna. "Ba su iya kara ba."

"Can sai ta ce, maƙwabciyarki ta bayan katanga, in aka ba ta wannan, a ina za ta sha wuya? Na ce, wa? Waccan? Ai ba za ta danna jan maɓallin nan ba, tsoro za ta ji kar ta goge komai. Ga muryar ciki tana wa mutum magana kamar shugabar makaranta. Na zage na tona wa maƙwabciya asiri tas. Alhali bayan katangata kango ne, sai akuyoyi!"

Suka kwashe da dariya. Bayan wannan ziyara ne aka canza launin maɓallin, aka sa murya mai taushi. Da tsohuwar za ta tafi ta kama hannun Inna ta ce, "Ko 'ya'yan cikina ba su taɓa saurarona kamar ke ba." A bayan ƙofa Auta ta cije leɓe. Ita ma ai 'yar ciki ce. Tsohuwar da Inna ta gani sau ɗaya ta samu rabin yini da kujera da shiru. Ita kuwa tambaya ɗaya ta samu, a tsaye.

Ke ce, Inna, mai zama ƙasa don wani ya ji girma. Ke ce kika koya wa baƙi cewa fassarar kalma daban, fassarar mutum daban. Ke kike hana a kunna na'urar naɗar murya sai mai magana ya san inda muryarsa za ta je, ya kuma yarda. Kin shiga ɗakin mai wanki, kin shiga rumfar mai gyaran takalmi, kin zauna da matar da harshenta ba ya cikin littafi. Duk sun ce kin ji su. Kada ki ga laifin wadda ta tsaya bayan ƙofa tana ƙirga su kamar masu ɗibar ruwa a randar gidansu.

Makon jiya Dogo ya zo yi mata sallama, tare da sababbin ma'aikatan da za su gaje ta. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ya roƙe ta ta ba su abu ɗaya da za su riƙe. Inna ta ce, "Duk wanda ya ce muku to da sauri, kansa a sunkuye, kada ku tafi. Ba ku ji komai ba tukuna."

Auta tana wanke-wanke a gefe. Tukunyar hannunta ta sha duka da soson ƙarfe har ta fara kuka. Inna ta juyo. Ba fuskar ta duba ba, hannun ta duba, ta daɗe tana dubawa.

Da baƙi suka watse, ta ɗauko kujerar, ta ajiye kusa da bahon wanke-wanke, ta zauna ƙasa da Auta, ta juyo mata da kunnen dama. Ta harɗe hannu a cinya. Shirun ya yi tsawo har kumfa ta kwanta.

"Auta," ta ce, "akwai wata yarinya a bayan katangarmu. Uwarta ta taɓa yi mata tambaya tana sauri. Da uwar ta zauna, me kike ganin yarinyar za ta ce?"

Auta ta kalli ruwan bahon. Muryarta ta fito siririya. "Za ta ce tana son Kaka. Amma tana son makaranta."

"Ɗaga murya, kin san kunnen ya tsufa."

"Za ta ce har yanzu tana so!"

Inna ba ta kare kanta ba, ba ta kuma yi saurin ba da haƙuri don a rufe zance ba. Ta share ido da mayafi ta ce, "Sai me kuma za ta ce?" Maƙwabciyar ta yi ta magana har inuwa ta cinye tsakar gida. Washegari Inna ta sa takalmi, suka tafi tare inda ake koyar da manya, ta tsaya a bayan Auta ta bar ta ta faɗi abin da ya kawo ta da bakinta.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa kunnen dama kwana. Ku kuma masu shiga gidajen mutane da waya da tambaya, ku yi koyi da ita: ku zauna ƙasa, ku jure shiru, ku kalli hannu, ku ba mai kunya maƙwabcin da zai fake da shi. In kun koma gida, ku shiga da kujerar ciki, kada ku bar ta a zaure.

Wanda kuma yake da sauran magana da Inna, ya yi haƙuri. Gari ya ci na hagu, Allah ya amfana. Na dama na gida ne, maƙwabciya ta ce ba ta ba da aro.