Ranar da Aka Ce In Juya Maganar Mai Jego

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da wata Talata a watan Rajab ba, ranar da aka kawo mana jaririn Rahama. Ni ce Hauwa, matar marigayi Garba wanzami, Allah Ya haskaka kabarinsa. Ban yi karatu ba. Jikata ce ke rubutawa ina faɗa mata, domin ku da kuka gaje ni a aikin ku ji.

Shekara goma sha ɗaya na yi a wani ƙaramin asibiti a unguwar Hayyin Ashir, nan Masar. A takarda ni mai shara ce. A zahiri kuwa ina goge ɗakuna, ina riƙe jarirai idan za a yi musu kaciya, ina kuma yi wa likita tafinta idan Hausawa sun zo, domin a Sudan na girma, Larabci ya zauna mini a baki. Sama da ni akwai Madam Samiya, babbar nas. Sama da ita kuma Dakta Magdi, mai asibitin.

Misrawa tun ana jariri suke yi wa 'ya'yansu kaciya, ba kamar garuruwanmu ba, inda ake barin yaro ya kai shekara shida ko bakwai. Ɗalibanmu da suka zo karatu sun ɗauki wannan al'ada. Idan an kawo jariri, Madam Samiya ta auna nauyinsa, ta duba idonsa ko akwai shawara. Dakta ya yi tambayoyinsa, babbar cikinsu ita ce ko akwai wanda jininsa ba ya tsayawa a dangi. Sannan a kawo takarda, uba ya sa hannu, uwa ma ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. Dakta da kansa ya kafa wannan ƙa'ida, kuma ba ya yarda miji ya yi wa matarsa tafinta. Bayan nan sai allurar kashe zafi, sai ni in riƙe cinyoyi.

A ranar, kwanana tara da fita takaba. Jikina yana wurin aiki, zuciyata tana maƙabarta.

Da hantsi Malam Auwal ya shigo. Ɗalibi ne a unguwar Abbasiya, mai jan salla, ana girmama shi a cikin ɗalibai. Bayansa matarsa Rahama, rungume da jariri ɗan kwana bakwai. Watanta takwas kawai a Masar, ba ta jin Larabci ko kaɗan. Madam Samiya ta auna yaron, ta ce tamam, wato komai daidai. Dakta ya yi tambayar jini, Malam Auwal ya amsa da sauri cewa babu. Ya sa hannu a takarda, ya kamo yatsan matarsa zai kai kan tawada. Sai ta dunƙule hannu.

Dakta ya dube ni ya ce, "Ya Hajja, tambaye ta ko ta yarda."

Na matsa kusa na ce, "'Yata, likita na tambaya, kin yarda a yi?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Inna, ban yarda ba. Ƙanena Habu, da aka yi masa, kwana biyu jini na zuba. Rana ta uku aka binne shi. Na gaya wa Malam, ya ce in yi shiru."

Malam Auwal ya yi murmushi don kada Dakta ya gane, ya ce mini da Hausa, "Inna, wannan wuƙar ƙauye ce, kuma kwanansa ne ya ƙare. Jego ne ke damunta. Ki ce masa ta yarda. An yanka rago, baƙi na jira a gida, na riga na gaya musu yau za a yi komai."

Na dubi Rahama. Ya rage murya ya ce, "Ke fa matar wanzami ce. Ashe ke ce za ki tare sunna?"

Dakta ya riga ya sa safar hannu. Ya ce, "Yalla, maza ya Hajja, me ta ce?"

Mu biyar ne manya a ɗakin. Dakta da Madam Samiya ba sa jin Hausa, Rahama ba ta jin Larabci. Duk abin da na faɗa, shi ne zai zama maganarta. Kalma ɗaya ce kawai, kuma ba wanda zai kama ni.

Sai Garba ya faɗo mini a rai. Shekara talatin ya yi yana kaciya a Sudan kafin mu zo nan ya ajiye aska, domin a Masar aikin likita ne. Ban taɓa ganin ya buɗe zabirarsa ba sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya ya ce, "Uwar yaro, kin yarda? Akwai mai zubar jini a danginku?" Maza kan yi masa dariya, su ce yaushe wanzami ya fara shawara da mata. Shi kuwa ya ce uba ya san sunan danginsa, uwa ce ta san cutarsu. Wayyo Garba. Har yau idan na tuna muryarsa a bakin ƙofa, sai hawaye.

Na juya wurin Dakta, na faɗa masa maganar Rahama duka, ban rage ko harafi ba.

Ya cire safar hannu ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ba yau ba. Sai an gwada jininsa."

Malam Auwal ya tashi tsaye, ya koma Larabci. Ya ce ɗansa ne, addininsa ne, ba likitan da zai hana shi. Dakta ya ce, "Ya ustaz, a wasu ƙasashe akwai masu neman a haramta kaciyar jarirai gaba ɗaya, sun ce jariri bai ba da izini ba. Ni ba na cikinsu, da hannuna na yi wa ɗana."

Malam Auwal ya ce, "Jariri ya ba da izini a raɗa masa suna? Ya ba da izini a yi masa rigakafi? Iyaye ke yanke masa!"

Dakta ya ce, "Gaskiyarka, iyaye. Su biyu ne, kuma ɗaya ta ce a'a."

Da Malam Auwal zai fita ya tsaya a kaina ya ce, "Inna, kin kunyata ni gaban baƙon yare. Daga yau ɗalibi ba zai ƙara kawo ɗansa nan ba." Rahama ta bi shi a baya, ba ta ko iya duba na ba. Madam Samiya ta dafa ni ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, amma in sani idan Hausawa suka daina zuwa, Dakta ba shi da bukatar tafinta.

Ba zan yi muku ƙarya ba don labarin ya yi daɗi. An gwada jinin yaron, aka samu lafiya lau yake. Da an yi a ranar, mai yiwuwa ba abin da zai faru. Maganar ta bazu daga Abbasiya har Ainu Shams cewa tsohuwar nan ta asibiti ta fara ƙin kaciya tun da mijinta ya rasu. Wata guda ba Bahaushe ko ɗaya da ya shigo mana. A wajen wani suna na yi sallama, mata biyu suka juya mini baya. Na koma gida, ba Garba da zan gaya wa.

Ranar da yaron ya cika arba'in, sai ga Rahama da takardar gwajin a hannu, mijinta na biye, fuska a ɗaure. Dakta ya ce in sake tambayarta. Ta ɗago kai ta ce, "Na yarda, Inna." Ta dangwala yatsa da kanta. Ni na riƙe cinyoyinsa, ita ta riƙe kansa tana yi masa addu'a. Malam Auwal bai gaishe ni ba, har na bar aiki kuwa bai ƙara ba. Amma 'ya'yansa biyu da suka biyo baya, duk a wurinmu ya kawo su.

Ku da ke aikin yanzu, za ku ji masu cewa a hana, za ku ji masu cewa ba ruwan kowa. Ni ban ga alheri a hanawa ba. Mutanenmu ba za su bari ba, sai dai su koma yi a ɗakunan haya, inda ba likita, ba gwaji, ba mai tambayar uwa. Amma wanda ke kwance a kan tebur ɗin nan ba shi da baki, kuma shi ne ake yanka. Idan aka ce ku yi tafinta, ku sani bakinsa aka ba ku aro. Ku tambayi uwa, ku jira amsarta, ku kai ta yadda ta faɗa.

Zabirar Garba tana nan a akwatina, askar ta yi tsatsa. Tambayarsa ce kawai gadon da na samu na yi aiki da shi. Allah Ya jiƙansa.