Gasarar Alhaji da Duba-garin Xintang

Shekarar da kuɗin masauki a unguwar Sanyuanli ta ƙasar China ya fi ƙarfina, na koma wani ƙauye a gefen Xintang, kusa da masu ɗinka mini wandunan jins. Wata tsohuwa 'yar China ce ta jera kwantenoni a bayan gonarta, ta fasa musu taga, ta sa fanka, take ba baƙi haya. Ga ayaba, ga agwagi suna yawo har bakin ƙofa. Ni da nake tura kaya Kano a kwantena, sai ga ni ina kwana a cikinta.

Maƙwabcina wani Alhaji ne daga Maradi. Mutumin kirki, amma cikinsa bai taɓa shiri da abincin China ba. Abin da ke riƙe da shi koko ne. Matarsa ta auno masa gero daga gonarsu, shi kuma ya jiƙa, ya markaɗa, ya tace, ya adana gasara a wani shuɗin bokiti mai murfi. Kullum da safe sai ya tsiyaye ruwan sama ya zuba sabo. Ƙamshin ya cika mana kwantena, amma ko ludayi ɗaya bai taɓa miƙo mini ba. In na yi sallama yana sha, sai ya ce, "Ɗan Kano, magani ne." Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Damina ta yi nisa, zazzaɓin sauro ya fara kwantar da mutane a ƙauyukan wajen. Ran nan mai gidan ta zo tana nuna mana a waya cewa gobe ma'aikatan lafiya za su zo, kuma duk ruwan da ke kwance za su zubar. Ta nuna butocinmu, ta ce, "Meyo, meyo," wato babu.

Na dubi Alhaji na ce, "Duba-gari ke nan."

Fuskarsa ta sauya. Geron ƙarshe ne a bokitin, kayansa kuma ba su gama ɗinkuwa ba. Ya ce shi ya san duba-gari tun yana yaro, in sun shigo gida ba a yi musu bayani, ɓoye randa ake yi. Na ce wataƙila na nan daban ne, ya bar abinsa a rufe. Ya harare ni. A zatonsa so nake a zubar in ji daɗi, kuma ban ce zatonsa ya yi nisa da gaskiya ba.

Da safe ya ɗauki bokitin ya kai can cikin ayaba, ya lulluɓe da ganye.

Suka zo, wata mata da tocila da wani mai tankin feshi. Matar ta kife butoci, ta kife tsohuwar taya, ta leƙa magudana. A ƙofar mai gidan akwai tulunan kayan lambu da ta tsima, a rufe. Matar ta taɓa murfin, ta ga ya zauna, ta wuce abinta. Na zunguri Alhaji. Bai kula ni ba, sai ya miƙe ya nufi ayaba da sauri, babbar riga na jan laka.

Agwagi sun riga shi. Sun ture murfin, sun tsoma kai, bakunansu fari fat. Wani ƙaton ma cikin bokitin yake tsaye. Na so in yi dariya, amma da na ga Alhaji ya tsuguna yana shafa gindin bokitin da yatsa, sai ta maƙale. Ya ce a hankali, "Da hannunta uwargida ta sheƙe geron nan." Tausayinsa ya kama ni sosai.

Da yamma na ji suna ciniki da mai gidan, yana ta "lawban, lawban," wato shugaba, yana nuna ƙaton nan da ya shiga bokiti. Ya yanka shi da kansa, ya fige, ya dafa da yaji. Ina zaune a ɗakina ina haɗiyar yawu sai na ji ƙwanƙwasa a jikin kwantena.

"Ɗan Kano," in ji shi, "taho ka ci geron Maradi. Ai ka daɗe kana so."