Akwatin Jita da Ya Koma Kaskon Turare

Jiya jikata ta zaro wani ɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, sai na tuna ranar da surukina ya tsince shi.

Ina amarya a Gafasa, wajen 1974, maigidana yana kaɗa jita a ɓoye. Mahaifinsa ya rantse duk ranar da ya ga kayan kiɗa a gidan, to yaron ya nemi wani uban.

Da akwatin nan maigida ya so haɗa na'urar da ake takawa ta sauya muryar jita, amma maƙeri ya huda shi a karkace. Sai na mai da shi kaskon turare.

Ran nan Baba, surukin nawa, ya tsince shi a ƙofar ɗakina. Yana jujjuya shi, ina durƙushe.

"Wannan fa?"

"Na turare ne, Baba."

Ya ƙara duba hujin.

"Wanda ya huda bai iya ba. Ki ce wa yaron nan, na gaba ya kai wa maƙeran Gaya. Kuma ya rage ƙara, ni ba kurma ba ne."

Har ya rasu bai sake tayar da zancen ba.

Ku fa, me kuka ɓoye wa iyayenku ashe tuni sun sani?