Igiyar Shanya

Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi yana rubuta allunan shaguna. A unguwarmu Mai Layi ake ce masa, domin idan ya ja layi da buroshi, ko ka ɗora rula ba za ka ga inda ya kauce ba. Na taɓa bin babban titi da ƙafa na ƙirga: cikin alluna sittin da uku, arba'in da takwas hannunsa ne. Kawunan aski, kajin gidan gona, takalma, duk abin da ya zana yaro ma zai faɗi sunansa.

Shi ya koya wa Autarmu riƙe buroshi tana shekara shida. Ta girma ta karanci zane a jami'a, ta dawo tana yin abin da Baba ke kira aikin da ba a gama ba.

"Auta, wannan mene ne? Kaza ce ko hadari?"

"Ba ko ɗaya ba, Baba. Ka tsaya ka kalla, ka ji abin da zuciyarka ta ce."

"Ta ce an yi asarar fenti."

Da aka ba ta bango a wani ɗakin baje kolin zane, ni na ɗauki ragamar shirin. Na auna bangon: mita tara. Zane goma sha biyu, ƙusa ashirin da huɗu, mota za ta zo ranar Juma'a ƙarfe huɗu. Goma sha ɗaya sun bushe. Na ƙarshen, wanda ta fi ji da shi kuma za a sa a tsakiya, wata uku ta yi a kansa. Ɗakinta ba iska, sai na ba da shawara a kai shi shagon Baba ya sha fanka. Wannan shawarar har yau tana ci mini rai.

Zanen ba wani abu ba ne a idona: fili ruwan ƙasa, ɗigon shuɗi nan da can, sai baƙin layi guda da ya ratsa shi, ya lotsa a tsakiya, yana rawa kamar hannun mai zazzaɓi ne ya ja shi.

Ranar Laraba da hantsi muka je ɗauka. Baba na bakin ƙofa yana wanke buroshi da kananzir, sai murmushi yake.

"Na taimaka miki. Ba zan bari a ce 'yar Mai Layi ba ta iya jan layi ba."

Ashe ya shafe lotsawar da fenti ruwan ƙasa, ya ja sabon layi, miƙaƙƙe sambal. Da fentin allo kuwa, irin wanda yake shekara goma cikin rana da ruwa bai ɓare ba.

Auta ta zauna a kan gwangwanin fenti. Na duba agogo, minti huɗu tana kallon sabon layin.

"Baba, igiyar shanyarmu ce fa. Ta tsakar gida."

"To ai ni na ɗaure ta! Kuma ban ɗaure ta a karkace ba."

"Idan Mama ta shanya wanki fa?"

Shekara uku ke nan da rasuwar Mama. Tun daga lokacin igiyar nan a miƙe take, kowa ya koma kai kayansa wurin mai wanki.

Baba ya kalli zanen, ya kalle ni kamar ni na yi laifin.

"Me ya hana ta zana kayan? Zani biyu, riga ɗaya, da kowa ya gane!"

"Kayan ba sa nan, Baba. Nauyinsu kawai na zana."

Ni dai aiki ne a gabana, saura awa hamsin da uku. Na kawo kananzir, na kawo reza, na kira masu fenti biyar. Kowa amsarsa ɗaya: idan aka kankare, yadin zanen zai yage. Na ce ta sake jan layin a kai. Ta ce ba za ta ɗora hannu a kan nasa ba. Na ce a kai shi haka, wa zai sani?

"Ni zan sani, Yaya."

Sai Baba ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara. Ya jawo tsohon katako ya fara gwada layi mai lotsawa. Na farko ya fito kamar bakan gizo. Na biyu kamar cikin kwano. Duk sumul, duk tsaf, ba ɗaya mai rawa. Ya koma hannun hagu, ya rufe ido, har tsayuwa ya yi da ƙafa ɗaya. A na talatin da bakwai ya yi jifa da buroshin.

"Hannun ya ƙi! Ashe abin da wuya, ja'ira."

Ranar Juma'a mota ta tafi da goma sha ɗaya. Na cire ƙusa biyu, na matsar da sauran don kada gurbin ya fito. Mutum ɗari da shida suka zo buɗewa. Baba bai zo ba, ya ce yana da aiki.

Zanen yana shagonsa har yanzu, a jingine kusa da fanka. Auta tana gaishe shi, yana amsawa, ba mai tayar da maganar. Jiya na leƙa, na ƙirga layukan da ke kan katakon: ɗari da arba'in da biyu. Na tambaye shi ko ya gane zanen yanzu.

"Ban gane komai ba," in ji shi. "Miƙo min kananzir."