Gawayin da Na Binne a Gefen Rijiya

A shekarun da aka tashe mu daga ƙauyenmu, can bayan Khaddamari, ni kaɗai na iso unguwar Gwange a birni. Maigidana ya rasu, 'ya'yana kowa ya bi inda ƙafa ta kai shi. Wani Alhaji mai lambu a bakin kogi ya ara mini ɗan fili, na shuka alayyafo da yakuwa, da su nake ci.

Takin zamani ya yi wuyar samu a lokacin, sai kashin shanu nake ɗaukowa a ka daga Kasuwar Shanu. To, filina yana kan tudu, rijiyar da masu lambu ke sha tana gangare, ƙasar kuma yashi ce, ba ta riƙe komai. Ina ban ruwa, taki na tsiyaya. Ana nan, ana nan, ruwan rijiya ya yi ja, ya soma wari.

Wata safiya Alhaji ya miƙo mini moɗa. "Iya, shinshina. Shayin shanu kika dafa mana? In bai gyaru ba, sai dai ki haƙura da filin nan."

In ya karɓe, ina za ni?

A garinmu mukan haƙa rami, mu cika shi da kara, mu cinna wuta, kafin ta cinye mu rufe da ƙasa, ya fito gawayi, ba toka ba. Yanzu shiga daji ya gagari kowa saboda rashin tsaro, babu kara, sai ɓuntun shinkafa na roƙo wurin masu casa. A can aikin gayya ne, mata da waƙa. A nan ni ce mai haƙa, ni ce mai rufewa. Na ɗauko waƙar, babu mai amshi, na ajiye ta.

Na jiƙa gawayin da ruwan taki sai da ya ƙoshi, domin in aka zuba shi da yunwa, abincin shuka yake shanyewa. Na cakuɗa rabi da ƙasar filin, sauran na binne a dogon rami tsakanina da rijiya, don ya tare takin da ke tsiyaya.

Aka yashe rijiyar. Kullum sai na leƙa. Kwanci tashi, ruwan bai sake yin ja ba, warin bai dawo ba.

Alhaji ya kurɓa, ya kurkure baki, ya haɗiye na biyu. "Iya, shuka abinki." Ya hau kekensa ya tafi.

Na tsaya riƙe da guga, ina waige-waigen wanda zan gaya wa. Can na sunkuya, na ci gaba da cire ciyawa.