Iya Barira Mai Gyaran Famfon Toranke

A da, da hantsi za ka gan ta a hanyar Toranke, jakar sufanu a kafaɗa, mayafi ɗaure a ƙugu, tana bin famfunan tuƙa-tuƙa ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida dangi. Iya Barira ke nan. Shekara goma sha bakwai tana wannan aiki. Yanzu ciwon kafaɗa ya zaunar da ita, ni kuwa na rantse sai duniya ta ji labarinta.

Wata shekara famfon unguwarsu ya daina kawo ruwa. Aka ɗauko masu gyara biyu, suka kwance kansa, suka leƙa, suka ce rijiyar ta ƙafe. Kwamitin unguwa ya yanke shawarar a toshe ta, wato a koma shan ruwan kududdufin da ke sa wa yara gudawa. Barira, wadda tun rasuwar mijinta ita ke ɗebo wa gidanta ruwa, ta tsaya a bakin zauren da suke taro ta ce wa shugaban kwamitin, Malam Sagiru, "Malam, da ruwa a ciki. Robar cikin bututun ce ta cinye, daga ƙararsa na gane."

Ya yi dariya. "Barira, harkar ƙarfe ba ta mace ba ce. Halittarku ba ta zo da ita ba."

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam, yaushe rabonka da tuƙa famfon nan?"

Duk dattawan zauren kuwa aike suke yi, ba mai zuwa famfo da kansa. Aka zaro bututun don a ƙure ta, sai ga roba a cinye ƙarmas. Aka sa sabuwa, ta tuƙa sau biyar, ruwa ya ɓarke. Wallahi ina wurin, har tsalle na yi da girmana. A ranar ta roƙi masu gyaran su koya mata, ba ta bar su ba sai da ta iya.

Iya, ke ce kika warware mini gardamar da ake ta yi. Ban taɓa ganin namijin da aka haifa da sanin gyara ba. Shi koya masa aka yi, ke kuwa hana ki aka yi, kuma kika iya. Mun gode, Allah ya ba ki lafiya.

Jama'a, famfo tara ne yau ba su da mai gyara. Kafin ka ce wa 'yarka ba aikinta ba ne, tura ta wajen Iya tun tana iya koyarwa.