Ranar da Kakata ta Ƙaryata Ni

Duk lokacin da aka kunna lasifika ta yi wannan ƙara mai soke kunne, kafin mai gyara ya hura ya ce "alo, alo", sai hankalina ya koma baya. Ko a wurin ɗaurin aure ne, ko mai tallar magani ne a kasuwa, duk ɗaya. Na girma, na haifi 'ya'ya, amma ƙarar nan ba ta daina mayar da ni filin lakol ɗin ƙauyenmu ba, wato makarantarmu ta boko, can ƙasar Gazawa, ina tsaye gaban jama'a cikin kayan sallata, ina 'yar shekara goma sha biyu.

Bari in fara muku daga gidanmu, don ku gane abin da ya faru a filin nan.

Kakana, mahaifin babana, shi ne dattijon unguwarmu. Ba malami ba ne, ba shi kuma da dukiya, amma in an yi rigimar iyakar gona, ko shanun makiyaya sun shiga shuka, zaurensa ake zuwa. Kowa ya san abin da ya ba shi wannan girma. A wata shekarar yunwa, tun babana yana ƙarami, maza da yawa sun tsallaka iyaka sun yi kudu neman abinci, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Shi ma ya tafi, ya yi damina biyu. Sai dai shi, in ji mutane, bai manta da gidansa ba. Duk ranar kasuwar Gazawa matarsa takan je tasha ta ɗauko buhun hatsin da ya aiko, ta biyo babbar hanya da shi a ka. Tsofaffi sun gani da idonsu. In ana yi wa saurayi faɗa zai tafi cin rani, da kakana ake ba shi misali.

Matar nan ita ce kakata. 'Yar ƙarama ce, ba ta da yawan magana, kuma a ɗakinta aka yaye ni, na ci gaba da kwana har na yi wayo. Ɗakin yana ƙamshin man shanu da daddawa da tsohon hayaƙi. Ba ta kirana da sunana, sai dai ta ce "ƙawata". In ta dama fura, ni ce ke fara sha. Abu ɗaya ne ke ba ni mamaki a jikinta: yatsun hannunta na dama. Faratan sun murɗe, biyu ma babu su, sai fata mai tauri. Na sha tambaya, takan ce aikin gona ne.

A lakol kuwa muna da wani mushe, haka muke kiran malamin boko; shi ne malaminmu na aji, saurayi ne da aka turo daga birni. Ina ganin girmansa ƙwarai, domin shi ya tako har zaurenmu sau biyu ya roƙi babana kada a cire ni daga karatu. A bazarar shekarar nan ya ba mu aiki: kowa ya je ya tambayi wani tsoho a gidansu wahala mafi tsanani da ya taɓa gani, da yadda ya fita daga cikinta, ya rubuto a kaye, wato littafin rubutunmu.

Na sami kakata a gindin bedi, wato darbejiyar tsakar gida, da hantsi, tana ɓarar gyaɗar iri. Zafi ya yi yawa, ko kaji sun buɗe baki. Na zauna na ja ƙwarya ina taya ta, na yi ta nacin tambaya. Ban san abin da ya sauko da ita ranar ba. Wataƙila ta gaji da riƙe shi ita kaɗai. Ta duba hagu da dama, ta rage murya, ta ce, "Ƙawata, babu buhun da aka taɓa aiko mini."

Na saki gyaɗar da ke hannuna.

Ta ce tun da kakana ya tafi, ko gaisuwa ba ta samu ba. Ya bar ta da 'ya'ya huɗu da rumbu wayam. Da asuba takan yi nisa cikin daji, inda babu wanda ya san ta, ta tone gidan tururuwa da guntun ƙarfe da yatsunta, ta kwashe 'ya'yan ciyawar da suka tara. Ta tsinko anza, 'ya'yan wata itaciyar daji, ta jiƙa kwana da kwanaki har ɗacinta ya ragu. Ta yi wa mutanen wani gari daka a biya ta da dusa. Ranar kasuwa kuwa sai ta cika buhu da ƙaiƙayi da yashi, ta zuba 'yar tsaba a baki, ta zagaya ta bayan tasha, ta dawo ta tsakiyar gari tana amsa sannu da zuwa. In an tambaya ta ce saƙon mai gida ne. A cikin wannan hali autarta ta rasu a bayanta, a hanyar daji, ba ta sani ba sai da ta kwance goyon.

Da kakana ya dawo, da sabuwar riga da rediyo a rataye, ta durƙusa gaban mutanen da suka zo yi masa barka, ta yi masa godiyar saƙonnin da ya yi ta aikowa. Ya dube ta, ya gane. Daga ranar ba su taɓa tayar da zancen ba.

"Babanki ma bai sani ba," in ji ta. "Yaro ne, abin da aka zuba masa yake ci. Wagga magana tsakanina da ke ce."

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Na kwana biyu ina jin kamar ƙirjina zai fashe don alfahari da ita, kuma ina son mushe ya ga na fi kowa. Na same shi bayan an tashi, na ce ina da labari amma an ce sirri ne. Ya yi murmushi ya ce, "Rubuta, ɗiyata. Ni kaɗai zan karanta, in ba ki maki, in mayar miki da kayenki." Na yarda da shi kamar yadda nake yarda da fitowar rana. Na rubuta shafi huɗu da guntun Faransancina. Ya ba ni makin da ban taɓa samu ba, amma ya ce in bar kayen a wurinsa tukuna.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, ƙasa tana ta ƙamshi. A makon rufe lakol sai aka ce wasu baƙi na wata ƙungiya za su zo. Suna bin ƙauyuka suna tara jama'a, mutum ya tashi ya faɗi wahalar da ya sha da yadda ya jure, don matasa su ɗauki darasi. Aka kafa rumfa a filin lakol, aka jera kujeru don dattawa, aka shimfiɗa wa mata tabarmi a gefe. Gari duka ya fito. Kakana yana layin gaba da farar rigarsa.

Wani makiyayi ya fara, ya faɗi yadda garkensa ya ƙare ya rage maraƙa ɗaya, da yadda ya sake tashi daga ita. Wani manomi ya ba da labarin yadda aka yi ta yi masa dariya don ya ƙi sare 'yan itatuwan gawo a gonarsa, ga shi yau gonarsa ta fi ta kowa. Mutane suna jin daɗi, ni ma haka. Sai na ga mushe ya karɓi abin magana, ga kayena a hannunsa. Ya kira sunana da sunan babana, ya ce in fito in tsaya kusa da shi.

Na fita.

Ya karanta, yana juyawa da Hausa, yana ƙara gishirin da ban sa ba. Gidan tururuwa, anza, dusa, buhun ƙaiƙayi, goyon da ya mutu a hanya, har durƙuson godiyar. Muryarsa tana fita ta lasifika tana bugun katangun gari tana dawowa. Da ya gama, baƙin suka yi tafi, wata a cikinsu tana share hawaye. Mutanen garinmu kuwa babu wanda ya motsa. Na saci kallon kakana. Carbinsa ya tsaya cak a hannunsa, idonsa yana kan ƙasa tsakanin takalmansa.

Sai kakata ta tashi daga cikin mata. Matar da ko a taron suna ba a jin muryarta. Ta gyara mayafi, ta tako a hankali har gaban rumfa, ta miƙa wa mushe hannun nan mai murɗaɗɗun farata. Ya ba ta da fara'a, yana zaton za ta ƙara bayani. Ta riƙe abin nesa da bakinta kamar mai zafi, ta yi sallama, ta ce:

"Jama'a, ku yi wa ɗiyar nan haƙuri, ƙuruciya ce. Tatsuniya na yi mata ta wata mata can wani gari, ita kuwa ta ɗora a kaina don malaminta ya yaba mata. Mai gidana bai taɓa barinmu da yunwa ba. Waɗanda suka ga buhunan suna nan da ransu."

Wata tsohuwa ta ce, "Mun gani!" Wani ya amsa daga cikin maza. Sai dariya ta ɓarke, irin dariyar mutanen da aka sauke wa kaya. Kakata ta mayar da abin maganar, ta wuce ta gabana har mayafinta ya taɓa hannuna, ba ta dube ni ba. Ni kuwa ina nan tsaye, babu wanda ya ce in zauna.

A gida babana ya ciro igiyar jaki zai dake ni, kakana ya ce daga zaure, "Ƙyale ta." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kafin magariba na tarar da tabarmata da ƙullin kayana a ƙofar ɗakin mahaifiyata.

Bayan kwana uku na sami kakata ita kaɗai tana tankaɗe. Na durƙusa ina kuka, na ce, "Kaka, ai ke kika gaya mini." Ba ta daina kaɗa rariyar ba. Ta ce, "Ƙawata na gaya wa. Ban san da mushe nake magana ba."

Na je wurinsa shi ma, na ce ai ya yi mini alkawari. Ya yi mamakin fushina. Ya ce kakata jaruma ce, bai kamata irin labarinta ya mutu a cikin kaye ba, wata rana zan gode masa. Da aka koma lakol an riga an canza masa gari.

Daminar nan duka, in na je rijiya yara suna tambayata ko akwai sabuwar tatsuniya. Manya kuma in na kai saƙo sai sun aiki wani ya tabbatar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kakana. Yana zaune a zaure yana jin ana kirana mai ƙarya, mutane suna ta kawo masa shari'arsu kamar da. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ni. Wani lokaci in na kai masa ruwan alwala yakan riƙe butar ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ce Allah ya yi mini albarka. Har ya rasu bai wuce nan ba.

Kakata ta daɗe bayansa. Mun shirya, irin shirin da ake yi a gida ɗaya. Ta ci gaba da ajiye mini fura, ta yi mini wankan jegon ɗana na fari da hannunta. Na yi zaton bayan rasuwarsa za ta kira ko da babana ne ta faɗa masa gaskiya. Ba ta yi ba. Na daɗe ina jin haushinta, sai da na yi aure na fara gane cewa buhun nan ba kakana kaɗai ya rufa wa asiri ba. Shi ne abin da ta gina da hannunta a shekarar da ba ta da komai, ba za ta bari a rushe shi a gaban baƙi ba, ko da ni za a danne a ƙarƙashi. Na gane, amma ganewa ba ta cire mini zafin ba.

Yanzu ni ma ina koyarwa, a wani ƙauye ta wajen Gidan Rumji. Irin taron nan ya zama ruwan dare. Mata da kansu suke tashi su karɓi abin magana su faɗi abin da suka gani a rayuwa, matasa suna ɗauka da waya, kafin mace ta koma tabarmarta 'yan uwanta na kudu sun gani. Na ji labaran da suka ƙarfafa mini zuciya a irin wuraren nan, ba zan musa ba. Amma wanda ya tashi da ƙafarsa ya faɗi nasa daban yake da wanda aka tone.

Bara na haɗu da mushe a kasuwar Gazawa. Ya yi furfura, yana ɗaure buhun wake a bayan babur. Ya gane ni, ya yi murna, ya kira abokin tafiyarsa ya ce ga ɗalibar da ta rubuta labari mafi kyau da ya taɓa karantawa a aikinsa. Na jira ya ambaci alkawarin. Na ga a idonsa ko tunawa da shi bai yi ba. Na gaishe shi da ladabi, na tambayi iyali, na wuce.

A ƙauyenmu har yau akwai tsofaffin da suka san ni da yarinyar da ta yi wa kakanta ƙage a gaban jama'a. Babana ma haka ya sani. In na je gida nakan durƙusa in gaishe su, ban taɓa gyara musu ba, kuma ba zan gyara ba. Shi ya sa ko a nan ba ku ji na ambaci sunan kowa ba.